Barewa Ba Ta Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe: Amsar Tambayoyinku Kan Hausar Farauta

Tambaya daga wani manomi a ƙasar Ningi: "Allah ya gafarta Malam, noma ne sana'ata, da rani kuma nakan taɓa farauta kamar yadda na tarar mahaifina yana yi. Bana ɗana mai shekara 13 ya bi ni daji. Karnuka suka taso gada, ta biyo ta gabansa, ya sakar mata gora ya same ta. Wannan ne kamunsa na farko. Da muka dawo gida kakansa ya dafa kansa ya ce, 'Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.' Yaron ya juyo ya ce da ni, 'Baba, ai gada na kashe, me ya kawo barewa?' Na rasa amsar da za ta gamsar da shi. A taimaka a fayyace mana."

Amsa: Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Tambayarsa ta mai hankali ce. Ka gaya masa barewar da kakansa ya ambata ba wadda aka rataye aka shigo da ita gida ba ce. Kai ne barewar, shi ne ɗanta. Tsohon ya yabi jikansa, ya yabe ka, kuma a fakaice ya yabi kansa, tun da daga hannunsa sana'ar ta biyo. Ma'anar karin maganar ita ce abin da iyaye suka shahara da shi, ba a sa ran ɗansu ya gaza a cikinsa.

To me ya sa Bahaushe ya ɗauki barewa ya bar gada? Wanda ya san dabbobin biyu ba zai yi mamaki ba. Gada ƙarama ce, launinta toka-toka mai sirkin ja, ita kaɗai take zama cikin sarƙaƙiya. Dabararta laɓewa: takan lafe har sai an kusa taka ta, sannan ta zabura, ta yi 'yan kwane-kwane, ta faɗa duhuwa ta gaba. Namijinta ke da gajerun ƙahoni miƙaƙƙu, tamatar galibi ba ta da su. Barewa kuwa 'yar fili ce. Jikinta ja-ja, cikinta fari, da siririn baƙin layi a gefe, kuma mace da namiji duk suna da ƙaho. Namijin shi ake kira kishimi, kalmar da matasa da yawa yanzu ba su taɓa ji ba. Inda barewa take kiwo babu wurin ɓuya sosai, don haka ƙafarta ce garkuwarta. Gudu shi ne sana'ar gidansu, shi ya sa aka buga misali da ita.

Sai kuma rarrafe. A nan ne nake ganin zurfin lurar magabata. Ɗan Adam sai ya yi zama, ya yi rarrafe, ya yi tatata, kafin ya san gudu. Ɗan barewa ba ya daɗewa da faɗowa yake miƙewa a kan ƙafafunsa huɗu. Rarrafe ba ya cikin matakan girmansa ko kaɗan. Wato karin maganar ta haɗa abin da ya fi kowane sauri da abin da ya fi kowane nawa, ta ce ba sa haɗuwa a gida ɗaya.

Amma akwai abin da maharba suka sani wanda mutanen gari kan manta idan suna jan wannan magana. A kwanakin farko uwar takan ɓoye ɗan cikin ciyawa, ya kwanta shiru, ta je kiwo ta dawo ta shayar da shi. Daga baya ne yake fara bin ta, yana tsayawa inda ta tsaya, yana zabura idan ta zabura. A ganina kuskure ne a ɗauki karin maganar da ma'anar jini kaɗai ke yin aiki. Ɗanka bai sami gadar nan don kawai kai ka haife shi ba. Ya same ta ne don ka tafi da shi, ya ga inda kake tsayawa idan karnuka sun shiga duhuwa, ya ga yadda ake riƙe gora, ya ji lokacin da ake yin shiru. Idan Bahaushe ya ce "gado ba karambani ba", abin da yake nufi ke nan: wanda ya tashi a cikin abu, idonsa ya sha kallo tun kafin hannunsa ya taɓa.

A lura kuma ba kullum ake faɗin ta don yabo ba. Idan ɗan mafaɗaci ya tashi da faɗa, ana iya jan ta, sai dai murya ce za ta nuna inda aka dosa. Kishiyarta ita ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba", wadda ake faɗi idan ɗa ya bauɗe wa kyakkyawan halin iyayensa.

Wajen rubutu, a raba kalmomin: "ba ta gudu". Wannan "ba" mai dogon wasali ce, ta korewar abin da ake yi yau da kullum, shi ya sa ba ta neman wata "ba" a ƙarshen jimla. Masu rubuta "bata gudu" a haɗe suna jefa mai karatu cikin ruɗu, balle a wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, inda "bata" ke iya zama "ɓata". Wasu kan ce "barewa ba za ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba", wannan ma Hausa ce, ma'anar ɗaya.

Ina da roƙo gare ka, ɗan'uwa. Barewar da muke buga misali da ita ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa, gonaki sun cinye filayenta, ƙunar daji da bindiga sun ƙarasa saura. Tun da yaron ya shiga hanya, ka koya masa abin da maharban kirki ke koya wa 'ya'yansu: ba a taɓa mai ciki, ba a taɓa mai shayarwa, ba a cinna wa daji wuta don ɓera ko zomo, kuma ba a shiga gandun da hukuma ta keɓe, irin su Yankari da Falgore. Ka koya masa bisimilla kafin sakin kare ko makami, da yanka abin da aka tarar da sauran rai. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da ake yi don wasa kawai.

Tambaya daga wata ɗaliba a Katsina: "Malam, gadar daji da gadar da mota ke hawa, kalma ɗaya ce?"

Amsa: A'a, rubutu ne ya haɗa su. Karin sauti ya raba su: ta daji gaɓarta ta farko ƙasa take, ta biyu sama, ta kan kogi kuwa sama take farawa ta sauka. Ta kan kogin baƙuwa ce, daga Ingilishi aka aro ta, daga sunan dogon ƙarfen da ake ɗora gini a kansa. Tamu ta gida ita ce kadarko. Gaɗa ta 'yan mata a dandali kuma da "ɗ" take, ba ta shiga wannan lissafi ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: "Mene ne bambancin mafarauci da maharbi? A nan mu mahalbi muke cewa, wasu kuma suna ce mana kuskure ne."

Amsa: Ba kuskure ba ne, kuma kada ku bari a sa ku jin kunyarsa. Hausar yamma, ta Sakkwato da Gobir da Katsina har zuwa wajenku, takan sa "l" a ƙarshen gaɓa inda Kananci ke sa "r": halbi da harbi, halshe da harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ɗauki na Kano don rubutu, ba don na sauran gurgu ne ba.

Kalmomin biyu ginin su ɗaya, ɗafa-goshin "ma-" mai nuna mai aikata abu. Daga farauta aka sami mafarauci, "t" ta koma "c" saboda wasalin "i" da ya biyo ta, shi ya sa jam'in ya koma mafarauta. Daga harbi aka sami maharbi, jam'i maharba. A ma'ana kuwa farauta ta fi faɗi. Ta haɗa fitar gayya ta rani, inda ake busa ƙaho a taru da karnuka da gora da barandami, ta haɗa har mai ɗana tarko. Maharbi gwani ne na musamman. Yakan shiga daji shi kaɗai ko su biyu, ya kwana a can, da kwari da baka ko bindiga adaka. Ya san sawu, ya san iska, ya san haɗa dafin kibiya da 'ya'yan kwankwani. Daga makaminsa aka ciro sarautar Sarkin Baka. Kowane maharbi mafarauci ne, amma ba kowane mai bin karnuka da rani ake kira maharbi ba.

Tambaya daga wani ɗan jarida a Kaduna: "Muna yawan rubuta 'shigar burtu' da 'kwanton ɓauna' a labarai. Daga ina suka samo asali?"

Amsa: Dukansu daga bakin maharba. Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki da wani tudu a samansa, ya fi son tafiya a ƙasa yana kiwo. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharbi ya sassaƙa itace kamar wuyan tsuntsun, ya ɗora masa kan burtu, ya naɗe da fata, wani ma ya yi masa ado da jajayen 'ya'yan idon zakara. Ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe da baƙin tufa, ya duƙa yana tafe yana gyaɗa kai kamar mai tsince-tsince, har ya isa inda kibiya za ta kai. Don haka shigar burtu ba sauya kama kawai ba ce. Shiga ce ta wanda ya ari siffar abin da aka amince da shi don ya kusanci wanda zai cuta. Idan ɓarawo ya sa kayan ma'aikacin lantarki ya shiga gida, kalmar ta zauna daidai. Idan mutum ya rufe fuska don kada a gane shi a kasuwa, ɓad da kama ya yi.

Kwanton ɓauna kuma akasin haka ne, a nan maharbin ne abin farauta. Ɓaunar da aka raunata takan shige duhuwa, ta kewayo, ta lafe a gefen sawunta tana jiran mai bin jininta. Shi ya sa maganar ta fi dacewa da harin da aka kai wa masu tafiya daga maɓoya. Harin da aka kai wa gari gaba da gaba ba kwanton ɓauna ba ne, ko da ba a yi tsammaninsa ba.

Tambaya daga wani mai fassara a Abuja: "Na ga hoton wani yaro a Amurka tare da mahaifinsa, sun harbo wata dabba mai ƙahoni masu rassa. Daidai ne in kira ta barewa?"

Amsa: Masu fassara sun daɗe suna yin haka don ita ce mafi kusa a ido, amma ba dangi ɗaya ba ne. Ƙahon barewa irin na akuya da saniya ne, ba ya reshe, kuma wanda ta tsiro da shi da shi za ta mutu. Waccan kuwa nata ƙashi ne tsantsa, yana rassa, yana zubewa duk shekara wani ya tsiro, kuma galibi namiji ne ke da shi. Babu irinta a dazukanmu na Afirka ta Yamma, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa mata suna ba. A labarin yara ka ce barewa, ba laifi. A rubutun ilimi ka ce "barewar Turai" ko "barewa mai ƙaho da rassa" a ambaton farko, daga nan ka ci gaba da barewa.

Tambaya daga wata uwa a Gusau: "Na ji ana cewa 'zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa'. Me ya sa zai ƙyale wanda ya kashe shi?"

Amsa: A fagen farauta wanda ya jefa gora yakan wuce gaba neman wani, yaron da ke biye da shi ne ke ɗaukar zomon ya rataya. Aikin farko da ake ba ɗan mafarauci ke nan, tun kafin a yarda ya riƙe makami. Shi zai ratso gari da zomon yana reto a kafaɗarsa, kowa na kallo. Makashi ya yi nasa a daji inda ba idon kowa, maratayi ne ya kai abin bainar jama'a. Ana faɗin ta idan wanda aka yi wa abu ya bar ainihin mai laifin ya huce a kan wanda ya yayata, ko wanda aka aiko da saƙon. Misali, mai gida ya kori ɗan haya, ɗan hayar ya bar gaisawa da dillalin da ya kawo masa takardar, alhali yana ci gaba da rusuna wa mai gidan a masallaci.