Tambayi Likita: yaushe ciki ke zama rai?

Tambaya: Likita dan Allah wata nawa ciki yake zama mutum? Muna ta musu da ƙawata, ita ta ce tun ranar da ya shiga, ni na ce sai ya fara motsi.

Amsa: 'Yar uwa, abin da nake iya gani shi zan faɗa miki. Ƙwan mace da maniyyi suna haɗuwa, bayan kamar kwana 6 zuwa 10 sai ya maƙale a jikin mahaifa. Wajen sati 6 daga hailar ƙarshe sikanin yana nuna wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, zuciya ce ta fara aiki kenan, shi kuwa motsi sai sati 16 zuwa 20 uwa take ji, kuma tun kafin ta ji yana yi. Jaririn da aka haifa a sati 24 yana iya rayuwa in an samu kwalba da ƙwararru. To amma busa rai fa babu na'urar da ke nuna shi, wannan fagen malamai ne. Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim shi aka ɗauko cewa ana busa rai a kwana 120 daga gare shi, akwai kuma riwaya a Muslim mai ambaton dare 42. A maganar zubar da ciki, Malikiyya sun tsananta tun farkon shigarsa, wasu Hanafiyya sun yi sassauci kafin kwana 120 in da uzuri, cocin Katolika kuma ta ce rai ne tun ranar haɗuwar ƙwan da maniyyi. Ni dai a wurina ciki ko na sati 5 ne ba abin wasa ba ne.

Tambaya: Likita matata an ce cikinta a wajen mahaifa yake, wai sai an cire, ni kuma na kasa sa hannu ina tsoron alhakin rai.

Amsa: Malam, ka sa hannu yau ɗin nan, kada ka kai gobe. Cikin da ya zauna a bututun ƙwai ba ya rayuwa, ba a kuma iya mayar da shi mahaifa, girma zai yi ta yi har bututun ya fashe jini ya taru a cikinta ba tare da kowa ya gani ba, sai dai ka ga tana jiri, ta yi fari fat, tana kukan ciwon mara har da kafaɗa. In an kama da wuri wani lokaci allurar methotrexate, mai tsayar da girman cikin, ma ta isa, in ya fashe sai tiyatar gaggawa da ƙarin jini. Ranta ne a hannunka yanzu, kuma malaman da suka fi tsanantawa ma sun yarda a ceci uwa.

Tambaya: Na yi ɓari a wata 2 bayan na sha aikin gida, kullum ina jin kamar ni na kashe shi.

Amsa: Allah ya ba ki haƙuri baiwar Allah, ba ke ba ce. Cikin kowane ciki 100 da aka san da shi, 10 zuwa 20 suna zubewa da kansu, galibi saboda matsalar ƙwayoyin halitta tun daga farko, shara da wanki ba sa jawo haka. In jini bai tsaya ba, ko ga zazzaɓi ko wari, ki je asibiti a duba ko akwai buƙatar wankin ciki, kada ki sha komai da kanki.