Amsa: Hoton Jenny Lind na asali ne ko kwafi?

Malam, ka ce ka samu hoton Jenny Lind a tsohuwar takarda, kana son sanin ko bugun zamaninta ne. Tsufan takarda kaɗai ba hujja ba ne. Mawaƙiyar opera ce 'yar Sweden, kuma da mai shirya wasannin nishaɗi P. T. Barnum ya kai ta Amurka a 1850 an buga hotunanta ba adadi, har a mujallu da bangon takardun waƙa. Shi ya sa galibinsu ba su da tsada.

Nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10, ka duba kumatu da gashi. In a farantin ƙarfe ko tagulla aka sassaƙa shi, za ka ga siraran layuka masu kaifi, tawadar ta ɗan taso saman takarda, domin daga cikin ramukan sassaƙar ta fito. In bugun dutse ne, wato a kan dutse aka zana hoton aka buga shi, tawadar shimfiɗe take, da ɓarɓashi kamar zanen alli. In kuwa ɗigo-ɗigo ne a jere daidai wa daida, bugun inji ne na bayan shekarun 1880, kwafi ke nan.

Haska tocila daga gefe ka nemi sawun gefen farantin, wanda ya lotsa takardar kewaye da hoton. Rashinsa bai kashe magana ba, masu ɗaurin littafi kan yanke gefen.

In akwai jajayen tabo a takardar, galibi danshi ne ke kawo su. Kada ka sa wa hoton ruwa ko salatif, gam ɗin yakan ci takarda ya bar tabo. Sa shi cikin kwali marar asid, nesa da rana.