Mayar da ɗakin lambu wurin dafa giya: ta ina za a fara?

Tambaya: Na ɗan jima ina dafa giya a kicin, lita 20 zuwa 23 a kowace dahuwa, amma mutanen gida sun gaji da tururi da warin da ke cika ko'ina. Ina da ɗan ɗakin katako a cikin lambu, mita 2 da mita 3, babu wuta babu ruwa a cikinsa. Niyyata in sayi babban murhun gas da babbar tukunya in koma can gaba ɗaya. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in fara kashe wa kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, girman ɗakin ya isa, har da saura. Amma ka ɗan dakata da sayen murhu da tukunya. Ranar dahuwa awa biyar ce ko shida, ka gama ka wanke kaya. Giyar kuwa sai ta yi mako biyu ko fiye tana tsima a ɗakin, kana barci, kana wurin aiki, kuma a wannan lokacin ne take kyau ko ta lalace. Yawancin masu shirya irin wannan ɗaki ranar dahuwa suke hangowa, su manta da makonnin da ke biye. Ni da kuɗinka a hannuna yake, abin da zai daidaita zafin wurin tsimi zan fara saya.

Kafin nan, ka tabbatar dokar inda kake ta yarda. Ƙasashe sun bambanta ƙwarai. Birtaniya ta cire sharaɗin lasisi ga mai dafa giyar shansa a gida tun 1963. A Amurka sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da dama, da iyakar galan 100 a shekara ga gidan da ke da baligi ɗaya, 200 in sun kai biyu ko fiye. A ƙasashen biyu ba a yarda ka sayar ba, kuma tace barasa mai ƙarfi ta hanyar turara ta wani babi ne daban da ke buƙatar lasisi. Akwai kuma ƙasashen da suka hana abin baki ɗaya.

To, batun zafi. Yisti, wanda shi ke sa giya ta tsima, halitta ce mai rai, kuma kowane iri da zafin da yake so. Na giyar da ake kira el ya fi aiki tsakanin digiri 18 da 21 a ma'aunin Salsiyas, na laga kuwa tsakanin 8 da 13. In zafi ya yi yawa, yistin yana gaggawa, ya zubo wasu sinadarai masu sa giya ƙamshin ayaba da ya wuce kima, ko ɗanɗano mai ƙuna a maƙogwaro. In sanyi ya yi yawa sai ya kwanta a gindin bokiti, aiki ya tsaya rabi da rabi. Abin da ya fi duka ɓata shi shi ne hawa da sauka, kuma wannan ita ce ɗabi'ar ɗakin katako mai siririn bango: da rana ya zama tanda, da asuba ya huce sarai. Ƙari a kan haka, tsimin kansa yana haifar da zafi. A kwanaki ukun farko cikin bokitin kan fi iskar ɗakin zafi da 'yan digirori, don haka ma'aunin da ka rataya a bango ba gaskiyar abin da ke cikin giyar yake faɗa maka ba.

Maganin ba sanyaya ɗakin duka ba ne. Ka nemi tsohon firji wanda bokitin tsiminka zai shiga ciki ƙofa ta rufu. Ka haɗa shi da 'yar na'urar daidaita zafi mai soket biyu, irin ta Inkbird ko makamanciyarta: firjin a soket ɗaya, ƙaramar hita mai wat 40 zuwa 60 a ɗayan. Kan ma'aunin na'urar ka manna shi a jikin bokitin, ka rufe shi da ɗan soso don ya riƙa jin zafin giyar, ba na iska ba. Shi ke nan, zafi ya hau firji ya tashi, ya sauka hita ta kama. Wannan ɗan haɗin zai gyara giyarka fiye da kowace tukunya mai ƙyalli. Duk da haka ka lulluɓe bango da rufin ɗakin daga ciki da allon hana zafi, kaurin milimita 50 ya yi, don kada firjin ya yi ta aiki ba hutu.

Murhun gas ɗin da kake so, a nan ne zan ja maka kunne sosai. Babban murhu a rufaffen ɗakin katako haɗari biyu ne a haɗe: gobara, da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana zaton gajiya ce kawai ta kama shi. In gas ɗin dole ne, ka riƙa fitar da murhun waje ƙarƙashin rumfa, ɗakin ya zama na tsimi da ajiya. In kuwa kana son dahuwa a ciki, lantarki ne hanya. Tukunya mai hita a cikinta ta kilowat 2 zuwa 3 ta ishi dahuwar lita 23. Lissafin ba wuya: ɗaga lita 25 na ruwa daga digiri 15 zuwa tafasa yana cin kusan kilowat 2.5 na awa guda, wato wajen minti 50 da hita mai kilowat 3, in ba a yi asarar zafi da yawa ba. Irin wannan nauyi ba na doguwar wayar da ake jawowa daga falo ba ne, musamman in tana naɗe, don zafi take yi har ta narke. Ka kira mai aikin wayarin da ya san aikinsa, ya ja maka layi na musamman da waya mai sulke, ya sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai aiki a miliamfa 30. Soket duka su kasance sama da tsayin teburi, masu murfi. Wurin nan ruwa zai yi ta zuba a ƙasa, kai kuma hannunka a jiƙe.

Sai tururi. A tafasa ta awa ɗaya, lita 3 zuwa 5 na ruwa ke tashi sama. Ka ɗauka kamar ka watsa wa bango da silin rabin bokiti a kowace dahuwa. Ba za a daɗe ba fumfuna ta kama, katako ya fara ruɓewa, ɗigon da ya taru a silin kuma ya riƙa komowa cikin tukunya. Kada ka ce za ka rufe tukunyar don ka huta: tafasar ce ke korar wani sinadari mai sa giya warin dafaffen kayan lambu, in ka rufe sai ya koma ciki. Abin yi shi ne ka ajiye tukunyar daf da ƙofa ko taga, ka sa fanka mai zuƙe iska a samanta da bututu gajere zuwa waje, bututun ya ɗan karkata ƙasa ta wajen fita don ruwan da ya taru ya gangara can. Fanka ba ta iya fitar da iska in babu inda wata za ta shigo, don haka ka buɗe kafa a ɗaya bangon, ƙasa-ƙasa, ka sa mata raga.

Wannan kafar ta ƙasa tana da wani amfanin. Kusan rabin nauyin sukarin da yisti ya ci yana komawa iskar kabon dayoksaid. Dahuwa ɗaya ta lita 20 tana iya fitar da lita ɗaruruwa na iskar nan cikin 'yan kwanaki, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take taruwa. A ɗakin da iska ke ratsawa ba abin damuwa ba ne. Amma in firiza mai buɗewa ta sama ka mayar wurin tsimi, kada ka zura kanka ciki ka yi numfashi.

Ruwa kuwa, shigowarsa ba ta kai fitarsa wahala ba. Tiyo daga famfon gida ya isa, sai dai ruwan da zai shiga giya ya bi ta tiyon da aka yi don ruwan sha, na ban-ruwan lambu yana sa ɗanɗanon roba. Rabin aikin mai dafa giya wanki ne, ga kuma ruwan da ake bi da shi ta naɗaɗɗen bututu don sanyaya abin da aka dafa, wanda kan ninka yawan giyar. Na sanyayar tsabtatacce ne, ka tare shi a durom, na farko mai ɗumi ka yi wanki da shi. Na wankin mai sinadari kuma magudana ya kamata ya nufa, ba gindin shuka ba. Ƙasan ɗakin in daɓen siminti ne mai ɗan gangare zuwa ƙofa, ka huta. In katako ne, ka shimfiɗa ledar ƙasa mai kauri wadda gefenta ya ɗan hau bango, ka kuma duba ƙarfinsa, don kowace lita kilo guda ce, kuma tukunya cike da tafasasshen ruwa ba abin ɗorawa kan teburi mai rawa ba ne. Wajen wanki ka guji kulorin a jikin ƙarfen da ba ya tsatsa, yana cinye shi, ragowarsa kuma tana sa giya warin magani.

Ajiya ba ta da dogon bayani. Tsirarren sha'ir, hatsin da ake dafa giyar da shi, yana kiran ɓera, ka zuba shi a durom mai murfi, ka ɗaga shi daga ƙasa. Niƙa kuma a waje, nesa da bokitin tsimi, saboda ƙurar hatsi ɗauke take da ƙwayoyin da ke tsamar da giya. Furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, firiza yake so, yisti kuma firji. Kwalabe su zama masu launin ruwan ƙasa, a ajiye su a duhu, don hasken rana yana sauya sinadarin hof ya koma wari mara daɗi cikin ɗan lokaci. Ka jera su a akwati mai murfi: in aka ɗura giyar da ba ta gama tsima ba, ko sukarin da ake ƙarawa lokacin ɗuri don giyar ta yi gas ya wuce giram 5 zuwa 7 a lita, kwalba tana iya fashewa.

Wajen jera kaya, tukunya a bakin ƙofa, wurin wanki a tsakiya, firjin tsimi can ƙurya inda tururi da ƙura ba sa kaiwa, da 'yar tazara a bayansa don ya sha iska. Ƙofar kuma ka sa mata kwaɗo in akwai yara a gidan, saboda sinadaran wanki da ruwan zafi. Tukunyar da kake amfani da ita a kicin za ta ci gaba da yi maka aiki har ka gama da wuta, firji da fanka.