Me A4 da lamba 80 suke nufi a jikin rim ɗin takarda?

Tambaya: Malam, a jikin kwalin takardar da ake sa wa firinta ina ganin an rubuta A4, kusa da shi kuma 70 ko 80 tare da haruffan gsm. Me waɗannan lambobi suke aunawa, kuma shin mai lamba 80 ta fi mai 70 kyau ne?

Amsa: Lambobin nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. A4 girman falle ne, 80 kuwa nauyinsa ne, amma dukansu daga tushe guda aka ɗauko su, wato fili mai murabba'in mita ɗaya.

Babban fallen da ake fara lissafi da shi sunansa A0, faɗinsa milimita 841, tsawonsa 1189, filinsa kuma murabba'in mita ɗaya ne. Idan aka raba tsawonsa biyu sai a sami A1, a sake rabawa a sami A2, haka har zuwa A4 mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Ashe ke nan lamba 4 tana faɗin sau nawa aka raba ne, shi ya sa A5 ta fi A4 ƙanƙanta ko da yake lambarta ta fi yawa, kuma falle goma sha shida na A4 ne suke cika A0 guda.

Hikimar tana cikin siffar fallen. An sa tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 1.414, lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da kusan biyu cif, kuma wannan ne kaɗai daidaiton da za a raba falle biyu kowane rabi ya fito da kamannin na asali. Saboda haka ne injin fotokofi yake ɗauke da 141 da 71 cikin ɗari: na farko yana mayar da A4 zuwa A3, na biyu yana rage A3 zuwa A4, ba tare da rubutu ya yanke ko gefe ya yi saura ba. Masanin kimiyya Georg Lichtenberg na Jamus ya ambaci wannan siffa a wata wasiƙa tun 1786, amma sai a 1922 Jamus ta mayar da ita ƙa'ida bisa aikin Walter Porstmann, sannan ta zama ma'aunin duniya a 1975 da sunan ISO 216. Amurka da Kanada ba su bi ba. Fallensu na yau da kullum inci 8.5 ne da inci 11, ya ɗara A4 faɗi kaɗan, ya gaza ta tsawo.

Ita kuwa 80 gsm ma'anarta murabba'in mita ɗaya na wannan takarda yana da nauyin giram 80. A raba 80 gida goma sha shida, za a ga fallen A4 guda giram biyar ne, rim mai falle 500 kuma kilo biyu da rabi, ban da kwalinsa. Duk mai sikeli yana iya gwadawa. Da yake takarda tana shan laima daga iska, nauyinta ya ƙaru, a ɗakin gwaji ana auna ta ne a zafin digiri 23 da laima hamsin cikin ɗari. A Amurka da laba ake faɗin nauyin, kuma laba 20 da ake gani a kwalinsu nauyin falle 500 ne masu girman inci 17 da 22 kafin a yanka su, wanda ya zo kusan giram 75 a ma'aunin gsm.

Batun wacce ta fi kyau, a nan ne mutane suke kuskure, domin nauyi ba shi ne kauri ba, ba kuma shi ne inganci ba. Takardar mujalla mai sheƙi an shafe ta da farar laka an matse ta, saboda haka takan yi nauyi alhali siririya ce, yayin da takardar da ba a matse ba takan yi kauri ba nauyi. Fari da santsi da hana rubutun baya bayyana duk kowanne da nasa gwajin, kuma lambar gsm ba ta faɗin ko ɗaya. Abin da za a iya cewa shi ne, idan masana'anta ɗaya ce kuma nau'i ɗaya, mai 80 takan fi ƙarfi, ta fi ɓoye tawadar ɗaya fuskar. A ganina ita ta dace da bugu gaba da baya da takardun da za a adana, mai 70 kuwa ta wadatar ga bugun fuska ɗaya da za a karanta a ajiye.