Allona ya yi baƙi bayan na sabunta Ubuntu

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata tana da katin hoto na NVIDIA, na ɗora mata Ubuntu. Lafiya lau take aiki har ranar da na yi sabuntawa na sake kunna ta. Tambari ya fito, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin. Wani ya ce in goge komai in sake ɗorawa. Haka zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka goge komai, ɗan'uwa. Fayilolinka suna nan, kuma da alama kwamfutar ta tashi, hoto ne kawai ya ƙi fitowa.

Direba shi ne manhajar da ke sarrafa katin hoto. Direbobin Intel da AMD a cikin kanel suke zuwa, wato zuciyar Linux da Ubuntu ke kanta, saboda haka tare suke sabuntuwa. Na kamfanin NVIDIA kuwa daga waje yake, dole a haɗa shi daidai da kanel ɗin da ke aiki. Idan sabon kanel ya shigo direban bai biyo shi ba, babu mai yi wa katin magana. Shi nake zargi a matsalarka.

Fara da danna Ctrl+Alt+F3. In allon rubutu ya fito, shiga da sunanka da kalmar sirri, ka rubuta nvidia-smi. Idan ya ce ya kasa magana da direba, mun kama bakin zaren. In wannan allon ma ya ƙi, sake kunna kwamfutar kana danna Esc, ko ka riƙe Shift a tsofaffin injuna, har jerin GRUB, wato allon zaɓen abin da kwamfutar za ta tashi da shi, ya bayyana. Shiga Advanced options ka zaɓi kanel ɗin da ya gabata. Sau da yawa nan take hoto yake dawowa.

Akwai kuma nomodeset, umarnin da ke sa kanel ya nuna hoto ta hanya mafi sauƙi, wanda kowa ke saurin ba da shawararsa. A GRUB ka danna e, ka rubuta shi bayan quiet splash, ka danna F10. Zai ba ka hoto, amma sau da yawa da manyan haruffa da nauyin motsi. Ƙofar shiga ce don ka yi gyara. Yana damuna in ga mutum ya bar shi dindindin, yana zaton ƙarfin kwamfutarsa ke nan.

To, daga ina ka samo direban? Idan fayil mai ƙarewa da .run ka sauko da shi, manajan manhajojin Ubuntu bai san da zamansa ba, sai su riƙa taka ƙafar juna. Cire shi da sudo nvidia-uninstall, sannan ka rubuta sudo ubuntu-drivers install, tsarin ya zaɓi wanda ya dace. Wannan zaɓin ba ƙaramin abu ba ne: buɗaɗɗen direban kanel da NVIDIA ta fitar a 2022 daga katunan Turing, wato jerin GTX 16 da RTX 20, zuwa sama yake aiki, jerin GTX 10 da waɗanda suka girme shi ba sa ciki.

Sai Secure Boot, tsarin tsaro da ke tantance manhajar da ake lodawa lokacin kunnawa. Rubuta mokutil --sb-state. In a kunne yake, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu. Wanda DKMS, manhajar da ke sake haɗa direba da kowane sabon kanel, ya haɗa a kan injinka yana buƙatar ka yi rajistar makullinsa, a wani shuɗin allo da ke fitowa lokacin kunnawa mai ɗauke da Enroll MOK. Mutane da yawa sukan tsallake shi don ba su san amfaninsa ba. Duba dkms status kuma, ka tabbatar ƙunshin linux-headers da ya dace da kanel ɗinka yana nan, domin in babu shi haɗin ba zai yiwu ba.

Idan hoto ya dawo amma yana ƙyaftawa, a Ubuntu 22.04 da 24.04 akwai ɗan gammo mai haƙora a allon shiga. Danna shi ka gwada Xorg maimakon Wayland, su ne tsare-tsare biyu na nuna hoto a allo.

In duk wannan bai yi ba, rubuta journalctl -b -1 bayan ka shiga da tsohon kanel. Zai nuna maka rahoton kunnawar da ta gaza. Turo mini layukan da ke ɗauke da nvidia ko nouveau (buɗaɗɗen direban katunan NVIDIA da ke zuwa da Linux), tare da abin da lspci -k ya nuna a ƙarƙashin katinka.