Amsa ga mai tambaya kan abincin Habasha

Malam, ka ce za ka je Adis Ababa kana tsoron abincinsu, to kwantar da hankalinka. Babban abincinsu injera ne, kamar sinasir ɗinmu amma faffaɗa, da garin tef (wani ƙanƙanin hatsi na can) ake yinsa, a bar ƙullin ya kwana biyu ko uku ya yi tsami, wallahi ranar farko tsamin zai ba ka mamaki, daga baya kai da kanka za ka dinga nema. A faranti ɗaya ake ci, a zuba miya kala-kala a kan injeran, ka yago ka dangwala da hannun dama, ba cokali. Doro wat miyar kaza ce da dafaffen ƙwai, yajin berbere ya ji a ciki sosai.

Idan mai gida ya dunƙulo loma ya kai bakinka kar ka kauce, gursha suke ce masa, girmamawa ce. Maganar nama kuwa, Musulmi da Kirista mahautansu daban ne, ka tambaya. Laraba da Juma'a Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodoks suna azumin nama, sai ka ci shiro, miyar garin wake ce. Kitfo kam ɗanyen nama ne, ni dai na ƙyale musu.