Ƙanwata mai ciki ta kumbura har fuska, uwar mijinta ta ce zaƙi ne

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanwata ce, shekarunta 17, cikin fari, wata takwas. Sati biyu ke nan ƙafafunta sun kumbura, yanzu abin ya hau fuska da yatsu, zobenta ma ya ƙi fita. Ciwon kai ya hana ta sakat, jiya kuma ta ce tana ganin walƙiya a idonta. A awon ƙarshe an ce tansiyonta, wato awon hawan jininta, 15/10, aka ce ta dawo, ba ta koma ba. Mijinta yana Jado wajen haƙar zinariya. Uwar mijin ta ce zaƙi ne, jiƙo zai fitar da shi, kuma ba ta fita sai da izinin ɗanta. Wata maƙwabciyarmu haka ta fara, ta faɗi tana jijjiga, aka ce iska ce, ba ta tashi ba. Barci ya ƙaurace mini.
Daga wata mai karatu, unguwar Garin Malam, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Waɗannan alamun hawan jinin masu ciki ne mai kawo jijjiga, ba zaƙi ba. Ki ajiye wayar nan ki kai ta asibiti yau, sauran bayanin ki karanta a can kan benci.

Mai ciki da ta wuce sati 20, in tansiyonta ya kai 14/9 mun fara sa ido, in ya kai 16/11 kwanciya ce babu gardama. Nata 15/10 ne, amma tunda ciwon kai da walƙiyar ido sun shigo, lambar ba ta da sauran tasiri a wurina, jijjiga ce take sallama a bakin ƙofa. Kumburin ƙafa kaɗai ba ya tayar mana da hankali, mata da yawa suna yi a watannin ƙarshe. Fuska da hannu kuwa wani zance ne. Ki tambaye ta ko tana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wanda mutane ke cewa olsa. Hanta ce take kuka. A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa za a auna ta, a tsoma ƴar takardar gwaji a fitsarinta, in ta juye kore sai a tura ku cibiyar uwa da yaro ko babban asibitin Damagaram.

Yanzu bari in zo kan maganar iska, don ita ce take cinye mana mata.

Ga yadda ake kawo su. Yarinya kwance a bayan a-daidaita, harshe ya tsage ya kumbura, gefen bakinta da baƙin rubutu, zanenta yana warin hayaƙin tazargade, wani lokaci haƙori ya karye saboda an cusa cokali. Ka tambayi yaushe ta fara, a ce tun bayan isha'i. Ga shi hantsi ya yi. Daren nan duka an kwana ana turare, ana danne ta, ana tambayar aljanin sunansa. Ita kuwa duk jijjiga ɗaya, numfashinta yana tsayawa, ɗan cikin yana rasa iskar shaƙa, jini yana iya fashewa a ƙwaƙwalwa, ƙoda ta daina yin fitsari, mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci. Ruwan da aka ɗura wa wadda ba ta cikin hayyacinta kuma ba ciki yake zuwa ba, huhu yake gangarawa. Mukan tsayar da jijjigar, sannan mu yi ta fama da huhun da ƴan'uwa suka cika da hannunsu.

Ina so wani ya gaya mini, wace irin iska ce wannan da ba ta kama kowa sai mai tsohon ciki mai hawan jini, ta fi son ƴar cikin fari da mai tagwaye, kuma da an yi allura ta kama gabanta? Asalin ciwon a mabiyiya yake. Ba ta kafu da kyau ba tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin abin da ke matse jijiyoyin jinin uwa. Allurar maganeziyom da muke yi, giram 4 a jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, ba yau aka fara ta ba. Wani babban gwaji da aka fitar a 2002, na mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage faɗuwa cikin jijjiga da fiye da rabi. Magani ne mai arha. Sai dai ba ya aiki a kan wadda take gida ana yi mata hayaƙi. Warakar gaba ɗaya kuma sai an raba uwa da ciki, ko a tayar da naƙuda ko a yi aiki, kuma ɗan wata takwas in an ciro shi a kan lokaci yakan rayu.

Addu'a ba mu hana ba, mu ma da ita muke shiga ɗakin aiki. A yi ta a cikin mota. Malaman kirki su da kansu suke cewa a tafi asibiti, don sun san Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Waɗanda nake jin haushi su ne masu karɓar zakara da jikka biyar su ce a ba su zuwa asuba, da mai tallan ƙwayoyi a tire da ke miƙa wa mai ciki diklofenak don ciwon kai, alhali ƙodarta tana neman taimako. Ba na kuma wanke namu. Ma'aikacin da ya ga 15/10 ya ce wa yarinya mai shekara 17 "ki dawo" kawai, bai zaunar da ita ya faɗa mata dalili ba, shi ma yana da nasa kason.

Batun izini, ku kira mijin. In layi bai shiga ba, mahaifinku ko babban wan mijin ya isa, ceton rai ba ya jiran mai cirani. Ki je wa uwar mijin da ladabi, ki ce Inna, jikanki muke so ya zo da rai. A wannan jihar tamu aka fara makarantar mazaje, inda ake wayar wa magidanta kai kan lafiyar matansu, tun kafin 2010, saboda irin wannan jiran izinin. Duk namijin da zai yi nisa ya bar mace da ciki, ya bar izini da kuɗin mota kafin ya ɗaura jaka. Aikin ciro jariri kyauta ne a takarda tun 2005, awon ciki kuma tun 2006, amma ki riƙe ɗan abu a bakin zane, don ana iya rubuto muku magani ku sayo a farmasi.

In ta faɗi a hanya, ku kwantar da ita a gefen hagu, kada a sa komai a bakinta, kada a danne ta. Bayan ta haihu ma ku ci gaba da tsaro, jijjiga takan zo a kwana biyun farko, wani lokaci har cikin arba'in. A riƙa auna tansiyon, kunun kanwa kuwa ta haƙura da shi, gishiri ne. Ciki na gaba ta fara awo tun wata uku, ta faɗa wa ungozoma abin da ya faru a wannan, akwai ƙaramin asfirin da kalsiyom da ake rubuta wa irinta.